Ƙwaron wake da ƙwaron masara: jinsi ɗaya ne, ko kowa da halinsa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masana ku taimaka mini. Waken da na saya da kaka ya fara ƙwaro, ga shi kuma a sito ɗaya yake da buhunan masara. Maigida ya ce in fitar da waken tun kafin ƙwarin su koma kan masarar. Ni kuma da na duba sai na ga kamar ƙwaron da na saba gani a masara ba irin wannan ba ne, na masara baƙi ne siriri. Shin abu ɗaya ne, ko kowa da nasa?

Alhaji Mai Wake: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙwaro ai ƙwaro ne. Abin da na sani, duk buhun da ya kama to ki raba shi da sauran, kada ki tsaya tambayar sunansa.

Na Saminaka: Alhaji ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Mu da muke kwana muna tashi da masara mun san namu. Yana da dogon baki, baƙi ne ko ja mai duhu, in ka taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu ya yi kamar ya mutu. Na wake kuwa guntu ne mai ƙiba, ba shi da wannan bakin, kuma da ka buɗe buhu sai ka ga wasu sun tashi sama.

Malamin Gona: Na Saminaka ya faɗi daidai. Ba jinsi ɗaya ba ne, ko gida ɗaya ma ba su fito ba. Na wake masana suna kiransa Callosobruchus maculatus, danginsa su ne ƙwarin da ke cin ganye. Na masara shi ne Sitophilus zeamais, daga dangin masu dogon baki. Abin da ya haɗa su kawai shi ne dukansu suna da fiffike mai tauri a sama wanda ya rufe na tashi, kuma tsutsarsu a cikin ƙwaya take girma. Tsawonsu kusan ɗaya, milimita 3 zuwa 4, shi ya sa mutane suke haɗa su.

Hajiya, amsar tambayarki: na wake ba zai hayayyafa a masara ba. Zai iya hawa buhun ya yi yawo, ƙila ma ya ajiye ƙwai, amma tsutsar ba za ta rayu ba. In kina da gurjiya a siton, ita ce abin tsoro, don ita yana cinta. Na masara kuma dawa da shinkafa da alkama da busasshen rogo yake nema, har taliyar leda yana shiga, amma wake ba abincinsa ba ne.

Maman Hanif: Alhamdu lillahi. Na gode Malam. Gurjiya kam akwai 'yar kaɗan, yanzu zan ɗauke ta.

Baba Tsoho: Yara, ku bar wahalar da kanku. Mu tun tasowarmu mun san ƙwaron wake daga cikin waken yake fitowa. Ka zuba wake mai kyau a tulu, ka liƙe baki da laka, bayan wata biyu ka buɗe ka tarar da shi. Ta ina ya shiga? Tare aka halicce su.

Ɗalibar Samaru: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka gani gaskiya ne, daga ciki yake fitowa. Sai dai ba a cikin aka haife shi ba, tun a gona ya shiga. Lokacin da kwasfar wake ta fara bushewa, macen takan zo ta manna ƙwanta a jikin kwasfar. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta fitowa fili ko kaɗan, ta ƙarƙashin ƙwan take hudawa ta nutse cikin ƙwayar. Ramin da ta shiga ya yi ƙanƙantar da ido ba ya kama shi. Ka yi roro, ka sussuka, ka sheƙe, ka ga wake fes, alhali a cikin ɗari akwai ɗaya ko biyu masu ɗauke da ita. Waɗannan kaɗan ɗin su ne iri.

Ga abin da kowa zai iya gwadawa yau. Ka ɗebi waken da ya fara ƙwaro ka kai haske. Za ka ga wasu 'yan ɗigo farare manne a jikin ƙwayar, ba sa fita ko ka hura. Ƙwan ke nan. Sabon ƙwai garai-garai yake kamar ɗigon ruwa, sai tsutsar ta shiga ta turo garin da ta ci baya ya cika ɓawon, sannan ya koma fari. Wato duk farin ɗigon da ka gani, mai shi ya riga ya shige. Sannan ka duba wani ɗan da'ira mai duhu a fatar waken, wadda ba ta huje ba tukuna. Nan ne tsutsar ta ci har ta bar fata kawai, ta nan babban zai ture ya fito. In da zafi, daga ƙwai zuwa fitowa mako 3 ne zuwa 4.

Baba Tsoho: To 'yata, na ji. Farin ɗigon nan na sha ganinsa, mu dai ƙura muke ɗaukarsa.

Na Saminaka: Ƙanwata, to namu fa? Ni ban taɓa ganin ƙwai a jikin masara ba.

Ɗalibar Samaru: Ba za ka gani ba Yaya, kuma a nan ne babban bambancinsu yake. Dogon bakin nan da ka ambata, a ƙarshensa haƙoran suke. Macen takan huda ƙwayar masara da shi, ta juya ta saka ƙwai ɗaya a ramin, sannan ta toshe da wani abu mai danƙo da take fitarwa. Toshiyar takan saje da jikin ƙwayar, a ɗakin bincike ma sai an zuba rini take bayyana. Saboda haka na wake a waje yake ajiye ƙwansa kowa na gani, na masara a ciki yake binnewa.

Bambanci na biyu ya fi wannan ban mamaki. Babban ƙwaron wake ba ya bukatar ci ko sha. Abin da ya tara yana tsutsa da shi yake rayuwa, ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai da zai iya kai 100, cikin mako ɗaya ko biyu ya mutu. Duk ɓarnar da kuke gani a wake tsutsa ce ta yi. Na masara kuwa babban ma ci yake yi, kuma yana daɗewa, watanni yake yi a raye yana ci yana saka ƙwai kaɗan-kaɗan. Zagayen rayuwarsa ya ɗan fi tsawo, kamar kwana 35 in yanayi ya yi masa daɗi.

Alhaji Mai Wake: Ikon Allah. Wato waɗannan da nake gani suna yawo a bakin buhu ba su ne ɓarayin ba?

Malamin Gona: Su ne iyayen ɓarayin, Alhaji. Shi ya sa tankaɗe wake a rariya a zubar da ƙwarin ba ya maganin komai, sai dai ya gyara wa mai saye ido. Waɗanda ka zubar ko ka bar su kwanansu ya kusa ƙarewa, kuma sun riga sun gama aikinsu.

Alhaji Mai Wake: To ni dai a nan zan tsaya: na wake ya fi mugunta, nesa ba kusa ba. Duk wanda ya yi harkar hatsi a Dawanau ya san haka. Masara in ta bushe da kyau za ka iya ajiye ta ka yi barci. Wake kuwa ka bar shi haka nan ba magani, kafin azumi ya zagayo ka buɗe ka tarar da kowace ƙwaya da huji uku huɗu, ga wari, ga zafi in ka tura hannu. Kuma mai sayen wake ba ya yafiya. Mace mai ƙosai za ta ɗebo a tafin hannu, ta ga huji biyu, ta ce a rage mata kuɗi. Mai sayen masara niƙa zai kai, ba ya ƙirga huji.

Na Saminaka: Alhaji kana magana ne a matsayin ɗan kasuwa. Ka zo ka ga rumbun manomi a watan bakwai. Ka ɗaga masara ka ji ta shafal, ka murza ta zama gari. Naku yana cin wake ya bar sauran, a wanke a niƙa a yi alale. Namu shi da uwar da 'ya'yan duk ci suke, kuma inda ya ci nan danshi yake taruwa, sai fumfuna ta biyo baya. Tuwon irin wannan masarar ɗaci yake yi, kaji ma in ka ba su sai ƙwai ya ragu.

Hajiya Mai Ƙosai: Wa ya ce maka a wanke a yi alale? Malam, ka taɓa jiƙa waken da ya sha ƙwaro? Rabi ya taso saman ruwa, ƙullun ba ya tashi, ƙosan ya sha mai ya kwanta. Ga wani wari da ko attaruhu ba ya ɓoye shi. Masu saye ba za su ce maka komai ba, gobe dai ba za ka gan su ba.

Na Saminaka: Hajiya na janye maganar alale, wannan fagenki ne. Amma ban janye sauran ba.

Malamin Gona: Ku duka kuna da hujja, sai dai wuri ne yake raba gardamar. Na wake zafi da bushewa ba sa damunsa. Ƙwayar da ta bushe ƙarau ma yana rayuwa a cikinta, don tsutsar daga abincin da take ci take samar wa kanta ruwa. Shi ya sa ya addabi Kano da Jigawa da Katsina da Maraɗi da Damagaram, inda waken yake. Na masara kuwa yana son ɗan danshi. In hatsi ya bushe sosai haihuwarsa takan ja baya ƙwarai. Don haka ɓarnarsa ta fi yawa a kudancin Kaduna da Neja da Binuwai da kudu baki ɗaya, inda ake girbi ruwa bai gama ɗaukewa ba. Manomin Saminaka da ɗan kasuwar Dawanau ba iska ɗaya suke shaƙa ba, dole kowa ya ga nasa ya fi.

In ni za a tambaya, a ƙasar Hausa ta arewa na wake ya fi saurin kassara mutum, saboda saurin zagayensa da kuma darajar abin da yake ci.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan wajenmu ba a ma gardama, na wake ne. Hatsinmu gero ne, kuma gero in an bar shi a zangarniya aka zuba rumbu yana shekara biyu uku lafiya lau. Wake ne ba ya jira. Shi ya sa da can talaka yake sayar da nasa tun da kaka da arha, 'yan kasuwa su kwashe su kai Nijeriya, in rani ya yi ya dawo yana sayen tiya da tsada. Ba rashin wayo ba ne, tsoron ƙwaro ne.

Kuma ina so in ƙara wani abu. A gonakinmu ba iri ɗaya ba ne ke shiga wake. Akwai wani ɗan uwansa da malaman jami'ar Yamai suka yi aiki a kansa sosai, Bruchidius atrolineatus. Shi ne ya fi yawa lokacin roro, amma in an kai rumbu ba ya daɗewa yana haihuwa, sai ya lafa ya jira damina. Wancan da Malamin Gona ya ambata shi ne ke ci gaba har ya gama da buhu.

Ɗalibar Samaru: Haka ne Malam. Kuma shi Callosobruchus ɗin kansa kama biyu gare shi. Akwai wanda ba ya tashi sosai, shi ne mai yawan ƙwai, aikinsa zama cikin buhu. In cunkoso ya yi yawa a cikin ƙwayoyin, zafi ya ƙaru, sai a fara haifar wasu masu hasken jiki da ƙarfin fiffike, ƙwansu kaɗan, su ne masu ficewa su nemi gona. Waɗanda Yaya Na Saminaka ya ce suna tashi in an buɗe buhu, yawanci alama ce buhun ya riga ya cika.

Wani halin macen kuma, tana duba ƙwaya kafin ta saka ƙwai. In ta ji wata ta riga ta, sai ta wuce ta nemi wadda ba kowa, don kada 'ya'yan su yi rububin abinci. Sai wake ya ƙare mata sannan take tara su a ƙwaya ɗaya. Huji uku huɗu a ƙwaya ɗaya da Alhaji ya ambata, zuriya ta biyu ko ta uku ke nan.

Abban Sadiq: Ni duk wannan karatun bai dame ni ba. Fiya-fiya ko Sniper, ka yayyafa ka ɗinke buhu, na wake da na masara duk su mutu. Kowa haka yake yi, a daina ɓoye-ɓoye.

Hajiya Mai Ƙosai: Inna lillahi. Kai ne ashe kake sa mu ciwon ciki. Wallahi akwai waken da in na buɗe sai idona ya yi yaji.

Abban Sadiq: Hajiya ai wankewa ake yi, kuma wuta tana kashe shi.

Malamin Gona: Abban Sadiq, ka ji tsoron Allah, wannan ba maganar wasa ba ce. Sinadarin da ke cikin abin da ka ambata sunansa dichlorvos, guba ce mai taɓa jijiya, ba a yi ta don a zuba a abincin da za a ci ba. Saboda ita ce Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, aka riƙa samun wanda ya ninka haka sau ɗaruruwa. Su sun mayar mana da shi, mu kuma muka ci gaba da ba 'ya'yanmu. Hukumar NAFDAC ma a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwa barkatai.

Ko ta fuskar aikin ma ka duba abin da aka faɗa a sama. Tsutsar tana can cikin ƙwaya. Abin da ka yayyafa manyan da ke waje yake kashewa, in ƙarfinsa ya gushe na ciki su fito, sai ka sake zubawa. Haka ake tara gubar.

Abban Sadiq: To ƙwayar bom fa? Ita ai hayaƙi ce.

Malamin Gona: Ita tana ratsa ƙwaya, gaskiya ne, kuma an yi ta ne don hatsi. Amma sharaɗinta wurin da iska ba ta fita, a rufe aƙalla mako guda, a naɗe ta a takarda ko ƙyalle don a kwashe tokar daga baya, kuma nesa da inda mutane ke kwana. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum, an sha rasa yara a gidajen da aka sa ta a ɗaki. A buhun algarara mai huji ko'ina kuwa, hayaƙin ya gudu cikin kwana ɗaya, ƙwai da waɗanda ke shirin fitowa su tsira, ka kuma koya wa ƙwarin jure ta.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi a hankali. Abban Sadiq ya faɗi abin da mutane da yawa ke yi ne, gara a faɗa a gyara. Ban da zagi don Allah. Na goge saƙo biyu.

Baba Tsoho: Mu da toka muke yi. A tankaɗe tokar murhu ta huce, kwano ɗaya na wake kwano ɗaya na toka, a cakuɗa a zuba a tulu, a ƙara toka a sama. Irin shukarmu haka yake kaiwa damina. Wasu da rairayi mai laushi suke yi. Ban taɓa ganin an yi wa masara haka ba, ban san dalili ba.

Ɗalibar Samaru: Baba wannan dabarar masu bincike sun gwada ta a arewacin Kamaru, wajen Marwa, sun tabbatar tana aiki, kuma ma'aunin da ka faɗa shi ne daidai. Dalilin yana cikin halin ƙwaron. Tokar takan cike duk wata kafa tsakanin ƙwayoyi. Wanda ya fito ba shi da hanyar zuwa neman mace, ga shi kwanansa kaɗan, sai ya mutu a inda yake. Ba ta kashe tsutsar da ke ciki, zuriya ta gaba take yankewa. Man gyaɗa ma haka, kamar cokalin shayi ɗaya a kilo, a murza ya game: yana shaƙe ƙwan, tunda a waje yake.

A masara kuwa ƙwan yana binne, kuma babban yana da watanni a gabansa da haƙoran da zai ci gaba da ci. Sannan wa zai samo tokar da za ta yi daidai da buhu 50?

Na Saminaka: Sai wanda ya ƙona rumbunsa, shi ne ya san inda toka ke tsada.

Alhaji Mai Wake: Hahaha. Na Saminaka ka ci wannan.

Na Saminaka: Amma da gaske, mu abin da muka lura shi ne tun a gona ake cin yaƙin ko a faɗi. Namu yana tashi sosai, daga tsohon rumbu yake zuwa gona. Masarar da rigarta ta rufe goyon har baki ba ya samun shiga. Wadda kanta ya leƙo waje, ko tsuntsu ya tsaga, ita yake fara kamawa. Irin masararmu ta da mai tauri ta fi jurewa, waɗannan na zamani masu yawan gari da laushi suna ba da buhu da yawa amma ƙwaro yana son su. Kuma duk wanda ya zuba sabuwar masara a kan ragowar ta bara, ko a tsohon buhu bai juya ya shanya ba, shi ya gayyato.

Maman Hanif: Ni yanzu nawa da ya riga ya kama fa? Bai kai buhu ba. Zubarwa zan yi?

Malamin Gona: A'a Hajiya. Ki sami baƙar leda babba ki shimfiɗa a kan busasshiyar ciyawa ko kwali don kada ƙasa ta janye zafin. Ki baza waken kada ya yi kauri, ki rufe da farar leda mai nuna ciki, ki naɗe gefen ki danne da duwatsu. Da tsakar rana, awa 2. Zafin da ya kai digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da babba, kuma ranarmu tana wuce haka a ƙarƙashin leda. Shanya a fili ba rufi tana korar manyan ne kawai. In ya huce ki tankaɗe ki zuba a jarka mai murfi da roba, ki cika ta har wuya. In kuna samun wuta sosai, firiza ma tana yi, ki bar shi kamar mako guda.

Ɗan Maraɗi: Jarka da tano, wato duro, su muke amfani da su kafin buhun PICS ya zo. Yanzu kam shi ne. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007, kuma ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maraɗi sun yi gwaji da yawa a kansa. A ƙauyuka an riƙa ɗaure buhu gaban jama'a, bayan watanni a dawo a buɗe gaban kowa. Wannan ne ya sa mutane suka yarda, ba bayani ba.

Alhaji Mai Wake: A Kano ma ake yin sa. Ina amfani da shi, amma ina da ƙorafi. Wani lokaci in na buɗe sai in ga ledar ciki da 'yan huji. In ƙwaro yana huda ta, ina amfanin?

Ɗalibar Samaru: Alhaji ka duba, yawanci ta cikin ce kawai, kuma a inda ƙwayar wake ta manne da leda. Wanda ke fitowa daga ƙwayar yana yanka da'irarsa ne ya haɗa da ledar. Dalilin sa ta biyu ke nan. Yakan faru in an zuba waken da ya riga ya kama sosai.

Yadda buhun ke aiki: ƙwarin da kansu suke shanye iskar da ke ciki. Daga kashi 21 cikin ɗari takan sauko ƙasa sosai, sai su daina ci. Abin da masu binciken Purdue suka gano shi ne ƙishirwa ce ke ƙarasa na wake. Ruwan jikinsa daga narkar da abinci yake samu, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da iska. Iska ta yanke, ruwa ya yanke, ya bushe. Na masara ma yana mutuwa a ciki, shi ya sa daga baya aka faɗaɗa buhun zuwa sauran amfanin gona.

Na Saminaka: Sai dai a faɗa wa mutane gaskiya, masara ba wake ba ce. Ka ɗaure masara mai danshi a leda ka ga abin da zai faru. Wani maƙwabcina ya yi, da ya buɗe tsami ya tarar.

Malamin Gona: Wannan gaskiya ne, sai ta sauko kashi 13 na danshi ko ƙasa. Wanda ba shi da na'ura ya sami busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ya zuba masarar da gishirin ya girgiza ya ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Kuma a ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera. Huji ɗaya ya isa. Sannan a daina buɗewa kullum ana ɗiba, na ci daban na ajiya daban.

Abban Sadiq: To ai an ce an fito da sabon irin wake da ƙwaro ba ya ci. A ba mu shi mu huta.

Ɗalibar Samaru: SAMPEA 20-T kake nufi, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IAR ta nan Samaru ta fitar a 2019. Tsutsar da ke cin fure da kwasfa a gona aka yi shi domin ta, wadda ake kira Maruca, ita kuwa 'yar malam-buɗe-littafi ce. Bai hana ƙwaron rumbu ba, in ka ajiye shi sakaka zai ci shi kamar kowane wake. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta taɓa samun wani iri mai ɗan jurewa, TVu 2027, an yi ta haɗa shi da wasu, amma jinkirta ƙwaron yake yi, ba hana shi ba.

Baba Tsoho: 'Yata, tambaya ɗaya. Irin shuka in ya kwana a wannan leda ba iska, zai tsiro? Mu an ce mana iri yana numfashi.

Ɗalibar Samaru: Zai tsiro Baba, in dai ya bushe kafin a ɗaure. Busasshen iri numfashinsa kaɗan ne ƙwarai. Abin da ke hana tsiro shi ne huji: ƙwayar wake mai huji ɗaya takan tsiro, mai uku huɗu da wuya, ko ta fito ba ƙarfi. Masara kuma in tsutsar ta ci wajen idon, shi ke nan. Kafin shuka ka ƙirga ƙwaya 20 ka sa a jiƙaƙƙen buhu ka ga nawa za su fito.

Alhaji Mai Wake: Ni dai har yanzu ina kan bakana, na wake ya fi. Na Saminaka, in ka sauke masararka bana ka kawo Dawanau mu ajiye buhu ɗaya-ɗaya ba magani, mu buɗe bayan wata huɗu.

Na Saminaka: Na yarda, amma ba a Dawanau ba. A kawo su Saminaka a ajiye cikin damina.